Barnaba a Cikin Rumbu

Mutumin da ke ɓoye ibadarsa kamar kayan sata, kada ya yi fushi in an yi masa kamun ɓarawo. Haka ya faru da Barnaba kafinta.

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, Barnaba ya biyo ma'aikata daga ƙasar Zazzau, ya sauka a Tsafe, a zauren wani manomi mai suna Arzika. Barnaba Kirista ne, shi kaɗai a unguwar. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: wurin da zai zauna da safe, ya rufe ido, ya yi addu'a, ya bincika zuciyarsa. In bai yi ba, yini yake yi kamar tuwon da ba miya. Amma tsoron dariya ya hana shi faɗa wa kowa.

Da farko ya zauna a ƙofar zaure, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido. Arzika ya fito ya gan shi. A ƙasar nan, babba ba ya zama haka sai an yi masa rasuwa. Arzika ya tsuguna ya ce, "Ashe an yi rashi? Sai haƙuri, Malam Barnaba. Wa aka rasa?"

"Ba kowa."

"Allah sarki! Har ba ya iya faɗi."

Kafin hantsi maza sun cika tabarma, matar Arzika, Luba, ta aiko da kunu. Barnaba ya sha kunun makokin da ba mamaci, addu'a kuwa ko rabi.

Ya koma gindin tsamiya a bayan gari. Mata masu itace suka gan shi yana motsa baki, suka kai labari cewa baƙon Arzika yana hira da iskoki. Wata tsohuwa har ta zo neman maganin ciwon baya.

Sai ya lura da rumbun Arzika, babu kowa, babu komai. Da sassafe ya hau, ya ɗaga murfin, ya zura jiki ciki, ya mayar da shi. Nan ya sami shirun da yake nema. Ya durƙusa ya gode wa Yesu Almasihu, ya shiga tunani. Tunanin bai yi masa daɗi ba. Ya ga cewa ba don Allah yake ɓuya ba, don kunyar mutane ne. Yana cikin neman gafarar wannan sai haske ya buɗe a kansa, damin gero ya sauko masa a ƙeya. Kafinta ne, ya manta kaka ta yi.

"Wayyo!" in ji Barnaba.

Abdu, ƙanen Arzika, wanda ke bisa tsani, ya diro yana ihu, "Ɓarawo! Yaya, ɓarawo cikin rumbu!"

Arzika ya fito ya ce, "Rumbun da ba ko ƙwaya? To ɓarawon ga wawa ne. Fito mu gan ka!"

Barnaba ya leƙo, ƙaiƙayi har cikin gemu. Unguwa ta taru da sanduna. Yanzu ko ya faɗi gaskiya ko ya sha duka.

"Addu'a nake yi, Malam Arzika. Irin tamu."

Arzika ya saki sanda. "Addu'a? Ran nan ma?"

"Ran nan ma."

"Ka bari muka yi maka ta'aziyya, ka shanye kunun Luba, alhali da Ubangijinka kake magana? Kai, Barnaba, ba ka da kirki! Mu da ko ɗan akuya ba mu bari ya gitta gaban mai salla!"

A ranar Arzika ya share wuri a gefen zaure, ya kewaye shi da duwatsu, ya shelanta cewa in baƙonsa yana ciki, ba gaisuwa, ba ciniki.

Washegari Barnaba ya durƙusa a fili, kowa na gani. Ba wanda ya yi dariya. Ya yi addu'arsa tsaf, ya daɗe. Da ya buɗe ido sai ya ga Arzika tsaye nesa kaɗan, riƙe da akuya, yana gumi.

"Ka idar?" in ji Arzika da raɗa. "Taku ba sallama, mutum bai san ƙarshenta ba. Gobe in ka gama, ka yi tari."