Ranar da Titinmu Ya Ji Kunyar Baƙuwa

Gidanmu na wannan gefen titi, shagon askin Baba na wancan gefen. Da can wannan ba abin magana ba ne, don titin duk ramuka ne, mota ma sai ta yi rarrafe. Da aka zo aka faɗaɗa shi aka shimfiɗa kwalta sumul, sai direbobi suka gano ashe motocinsu na da gudu. Tun daga nan tsallakawa ta koma sai mai ƙafa da ƙarfin hali, Baba kuwa ƙarfin halin ne kawai ya rage masa, gwiwarsa ta hagu ta daɗe da yin ritaya.

Yayata, wadda ita ce babba a gidanmu kuma ba a ja da ita, ta yanke hukunci. Ta ce in ba a yi wa titin nan wani abu ba, ƙarshen wata Baba zai rufe shago ya zauna a gida. Baba bai yi musu ba, ya dai sunkuyar da kai yana goge almakashi. Ni na san abin da shagon yake a wurinsa. Ba askin ba ne, don yawancin abokan cinikinsa sanƙo ya riga ya gama masa aikin. Zaman ne, da gardamar ƙwallo, da jin cewa har yanzu akwai inda ake jiransa da safe.

Ana cikin haka rediyo ta ce gwamnati ta ware kuɗi don rage haɗurra. Za a yi zanen tsallakawa, da tudun rage gudu, har da danja a wasu wuraren. Amma kuɗin ba za su kai ko'ina ba, sai injiniyoyi sun zagaya sun ga titunan da suka fi haɗari, da su za a fara. Sunan titinmu na cikin waɗanda za a duba. Ranar na ga Baba ya ci abinci har da neman ƙari.

Matsalarmu mu 'yan layin nan ɗaya ce, ba ma son baƙo ya ga kasawarmu. Shugaban unguwa, wanda muke kira Tsaf saboda ko ƙyallen goge majinarsa a goge yake, ya tara mu a gaban kemis. Ya ce manyan mutane za su zo daga ma'aikata, kuma muddin yana numfashi ba za su tarar da mu kamar marasa mafaɗi ba. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni, ba zan ɓoye ba. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da baƙin suke zuwa nema.

Sai aiki ya kankama. Mai faci ya kwashe tayoyinsa da suka cinye rabin hanyar masu tafiya a ƙasa. Mai lemo ta ja teburinta baya, abin da aka yi shekaru ana roƙonta tana cewa a nan arzikinta yake. Tela ya ɗinka jajayen tutoci da ragowar yadin labule. Aka zaɓi ƙarti huɗu, aka ba su usur, Tsaf da kansa ya koya musu yadda ake ɗaga hannu da isa. An ma gargaɗi 'yan babur cewa duk wanda ya bi hannun da ba nasa ba ranar, kada ya ƙara tsammanin shayi a layin nan.

Injiniyar ta zo da hantsi, mace ce mai fara'a, ta ajiye motarta a gaban shagon Baba. Masu tuta suka tsayar da motoci, ta tsallako kamar tana tafiya a tsakar gidanta. Aka ba ta kujera a inuwa, ta zauna tana kallo. Abin da ta gani, ni da aka haifa a layin ban taɓa ganin irinsa ba. Motoci na tafiya a hankali, direbobi na zaton wani babba ne zai wuce. Yara sun jeru hannu cikin hannu. Baba ma an tsallakar da shi har sau uku, duk da ba shi da abin yi a gida, don kawai a nuna yadda muke girmama tsofaffi.

Wajen azahar ta miƙe ta yi mana godiya. Ta ce ta zaga tituna da yawa, ba ta ga mutane masu tsari irinmu ba, za ta ba da labarinmu a ofis don wasu su koya. Tsaf yana ta murmushi har kunne. Sannan ta ƙara da cewa tunda mun riƙe titinmu da kyau haka, kuɗin za su tafi layin bayan kasuwa, inda ta tarar da abin tausayi.

Mai lemo ce ta fara magana, ta juya wajen Tsaf ta ce, "Shugaba, wato shara muka yi wa 'yan bayan kasuwa ke nan?"

Tsaf ya buɗe baki zai yi bayani, amma ina, rai ya riga ya ɓaci. Masu tuta suka zubar da tutocin suka nufi wajen mai shayi. Mai faci ya fara mirgino tayoyinsa. Kafin injiniya ta gama sallama da mutane, direbobi sun gane babu wani babba, titi ya koma halinsa. Ni kuwa na waiga ina neman Baba. Ya riga ya ɗauki sandarsa ya nufi shago, ko kallon kowa bai yi ba.

A bakin titi suka haɗu da injiniyar, don ita ma motarta na can. Ta sa ƙafa ta janye, ta sake sawa ta janye. Da suka sami ɗan sarari suka taka tare, sai ga su a kan farin layin tsakiya, tifa ta wuce ta gabansu, bas ta wuce ta bayansu, iska na kaɗa mayafinta. Daga inda nake ban iya gane wa ke riƙe da wa ba. Na so in je, motoci suka hana ni. Da farko mutane na dariya, daga baya dariyar ta mutu, saboda sun daɗe a wurin fiye da yadda ya kamata.

Da ƙyar na tsallaka na same su a shago. Ta zauna a kujerar aski, takalminta ɗaya a hannu, tana shan ruwa a kofin Baba. Ta tambaye shi ko haka yake yi kullum.

"Kullum, 'yata, safe da yamma," in ji Baba. "Ƙafar ba ta cinye titin a tashi ɗaya. Sai na tsaya a tsakiya ta huta."

Kunya ta kama ni, irin wadda ba ta da wurin ɓuya. Gida ɗaya muke kwana da mutumin nan, amma ban taɓa sanin a tsakiyar titi yake hutawa ba.

Sai ga Tsaf ya iso yana haki, tuta a hannu, yana cewa ranki ya daɗe a yi haƙuri, yanzu za a dawo da tsari. Ta ɗaga masa hannu. Ta ce ya ajiye tutar nan, kada kowa ya taɓa komai, za ta zauna a nan har yamma ta ga titin da aka aiko ta ta gani. Ta jawo kujerar askin bakin ƙofa ta fuskanci hanya.

Baba ya ja ni gefe, ya rage murya. Na zaci maganar kuɗin gwamnati zai yi.

"Abin da ka ji ɗin nan," ya ce, "kada ya kai kunnen yayarka. In ta ji, ko ƙarshen watan ba za ta bari in kai ba."