Turakun Gonar Ila

Shekara ba ta zagayo ba da soja suka miƙa wa farar hula mulki, aka wayi gari Ila ya tarar da turaku a gonarsa. Ila mutumin Zamfara ne, a Hayin Banki yake zaune. Da rani ya yi lebura a Kawo, da damina ya koma 'yar gonarsa ta hanyar Rigachikun. Dawar wannan gona ita shi da matarsa Jummai ke ci har wata kaka.

Turakun na katako ne, an shafa musu jan fenti a ka. Wani safiyo, ma'aunin ƙasa mai hular kwano, ya ce masa gwamnatin tarayya za ta gina wa talakawa gidaje a wurin.

"To, ranka ya daɗe, in shuka?"

"Kada ka zuba ko ƙwaya. Katafila na nan tafe."

Bayan kwana tara sai ga wata mota, ita kuma ta jiha. Suka tumɓuke jajayen suka watsar, suka kafa farare. Babbansu ya ce a sabon tsarin mulki ƙasa tana hannun gwamna, Legas ba ta da ko taku ɗaya a nan sai an ba ta.

"Alhamdu lillahi. Ke nan in shuka?"

"Wa ya ce maka? Maganar tana sama. Ka dakata."

Ila ya dubi jajayen turaku a yashe cikin kunyoyin gona. Kayan hukuma ne, in sun ɓace shi za a kama. Ya tattara su ya ɗaure, ya kai zaurensa. Da mutanen tarayya suka dawo suka cire fararen suka kafa sababbin jajaye, su ma fararen ya kwaso. Haka aka yi ta yi, a kafa a cire, shi ko yana dako, har zaure ya fara ƙunci.

Ruwa ya sauka. Ƙasa ta jiƙu sosai, maƙwabtan gona suka fita da sungumi.

Rabe direba, Bakano mai rediyo a kafaɗa, ya leƙo zauren ya tuntsire da dariya. "Malam Ila mai gwamnati biyu! Mu ko ɗaya ba ta san da zamanmu ba."

"Kai da ke jin rediyo, gaya mini. Gonar ta wa ce?"

"Littafin tsarin mulki ɗaya ne fa a hannunsu, kowa na karanta shafin da ya yi masa daɗi. Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa."

"Ciki bai san wasa ba, Rabe."

Sau huɗu Ila yana sa rigarsa ta Juma'a ya shiga gari. Ofishin tarayya suka ce ai ƙasa ta jiha ce, ya je can. Can suka ce ba su suka kawo zancen gidaje ba, ya koma inda ya fito. Kalma ɗaya yake nema, shuka, babu bakin da ya yarda ya furta ta. Daga baya ma motocin suka daina zuwa. Ba katafila, ba safiyo. Ciyawa ta rufe turakun ƙarshe, har ba a gane masu wane fenti ne.

Ranar da ya gaji ya ɗauki sungumi, dawar maƙwabta ta kai ƙugu. Ya tsaya a bakin gona, ya san lokaci ya wuce. Wake ya zuba, shi kaɗai ya rage, kuma wake ba ya riƙe gida shekara.

Ya dawo cikin yayyafin marka ya sami Jummai ta sauke zangarniyar dawar iri da ya rataya bisa murhu tun bara.

"Malam, wannan dai ba ta ga ƙasa ba bana. In daka?"

"Daka."

"Itacen kuma duk ya jiƙe." Ta dubi zaure. "Ko in taɓa kayan gwamnati?"

Ila ya jingine sungumi, ya zauna a kan turmi yana kankare laka daga ƙafarsa.

"Ɗiba."

"Jajayen ko fararen?"

"Haɗa su. Duk tafiyarsu ɗaya."

Tuwon ranar ya yi warin fenti. Ila ya cinye nasa tas.