Lambar da Ƙanena Ya Miƙa a Kan Dutse

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kafa duwatsu, ya kuma san nauyin da kowane bawa zai iya ɗauka. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Ya Ubangiji, ka daidaita harshena a kan abin da zan faɗa.

Bayan haka, ina da ƙane mai gyaran takalma, Allah ya jiƙansa. Rumfarsa tana ƙarƙashin matakalar wani bene, a bakin titin da ya miƙe zuwa dutsen bayan garinmu: benci guda, gwangwanin gam, basilla da zare, sai tulin takalman da masu su suka manta. Kafin ya zauna nan ya shiga makaranta ya bari, ya fara ɗinki ya bari, ya koyi tuƙi wata huɗu ya ajiye. Ni ne da bakina na laƙaba masa Rabin-Hanya, ina dariya, sunan kuwa ya bi shi har ya yi furfura.

Kowace shekara ana tseren juriya a dutsen nan. A tashi bayan asuba daga filin makaranta, a hau har ƙololuwa, a gangaro ta ɗaya gefen, a dawo filin kafin rana ta faɗi. Ana ɗaura jajayen ƙyallaye a itatuwa don nuna hanya, kuma akwai mutum guda da ke tafe a bayan kowa yana kwance su. Duk wanda wannan mutumin ya wuce, to ya fita daga tseren, sai ya miƙa lambar da ke ƙirjinsa.

Wata rana na kai masa takalmina, yana cikin ɗinki ya ce, "Yaya Malam, na ba da sunana a tseren bana."

Na ce, "Kai da hamsin da uku a kanka? To a ina za mu aika a ɗauko ka, a rabi ko a rubu'i?"

Bai yi dariya ba. Ya ciji zaren ya tsinke shi, ya ce, "So nake in ga ƙarshen abu ɗaya da idona kafin in mutu."

Wata bakwai yana hawa matakalar benen nan yana sauka, sau arba'in kullum kafin ya buɗe rumfa. Ban taɓa ce masa sannu ba.

Ranar tseren na je filin bayan la'asar da gorar ruwa. Motar da ke kwaso waɗanda suka gaza ta zo sau uku, ina leƙawa, ba ya ciki. Aka naɗe rumfuna, aka kwashe kujeru, mai rubuta sunaye ya tafi. Rana ta yi ja sannan na hango shi ya ɓullo ta kwanar makaranta shi kaɗai, yana jan ƙafar hagu. Na dubi ƙirjinsa, babu lamba. Nan take na yanke a raina cewa wata mota ce ta sauke shi a kusa don ya ɓoye kunya. Na miƙa masa ruwan, na ce, "Ba komai, ƙanena. Ai ka gwada."

Ya dube ni jim kaɗan, ya yi murmushi, ya ce, "Haka ne, Yaya Malam." Ya sha ruwansa. Ba mu sake tayar da zancen ba.

Bayan shekara huɗu zazzaɓin kwana shida ya ɗauke shi. Muna zaman karɓar gaisuwa sai ga wani dogon dattijo, tsohon soja, ya durƙusa kusa da ni ya ce shi ne mai kwance ƙyalle a shekarar da ƙanena ya shiga tseren. Ga abin da ya ba ni labari.

Ya ce ya cim ma ƙanena da azahar, ƙasa kaɗan da ƙololuwa, a wurin da hanya ta matse har mutum biyu ba sa giftawa: dutse a dama, rami a hagu. Ya tarar ya yi taimama ya ta da salla a tsakiyar hanyar. Ba ya iya wucewa ta gaban mai salla, sai ya ajiye buhunsa ya tsaya. Sujada ta yi tsawo, ta ƙara tsawo.

Da ya sallame, tsohon sojan ya ce masa, "Malam, wannan azahar ce ko tarawihi? Tashi ka yi gaba, ban wuce ka ba tukuna."

Ƙanena ya zauna, numfashinsa na fita da ƙyar. Can ya sa hannu ya cire lambar daga rigarsa ya miƙa masa.

"Ka wuce ni, ɗan'uwa. Na ji takunka tun ina raka'a ta biyu, na tsawaita sujada don in huta in kuma tare maka hanya. Ba zan ci tsere da sallata ba."

"To wa ya gani? Ni da kai ne sai tsuntsaye."

"Wanda na yi wa sujadar ya gani."

Tsohon sojan ya karɓi lambar, ya ce akwai 'yar hanya nan gaba kaɗan da ke sauka zuwa inda mota ke jira. Ƙanena ya tambaye shi, "Dokarku ta hana wanda ba shi da lamba tafiya a kan dutse?"

"Ba ta hana ba. Amma ko ka kai, babu mai rubuta sunanka, babu mai tafa maka."

"Na sani. Ni dai ka bar ni in ga inda ƙyallayen nan suka ƙare."

Ya ce haka suka tafi, ƙanena a gaba, shi a baya, ba ya kwance ƙyalle sai ya ga ƙanena ya wuce wurin. Suka kai ƙololuwa. A gangara ƙafar ƙanena ta gurɗe, ya faɗi sau biyu, ya ƙi a riƙe shi. Ƙyalle na ƙarshe yana jikin ƙofar makaranta. Ƙanena ne ya kwance shi da hannunsa ya jefa a buhu, sannan tsohon sojan ya juya zuwa ma'ajiyar kayan tseren.

Na tambaye shi, "Me ya sa bai faɗa mini ba?"

Ya ce, "Na ce masa in zo in yi masa shaida. Ya ce a'a, shi ya riga ya gani, ya ishe shi."

Yau shekara tara ke nan da rasuwarsa. Tagar ɗakin karatuna tana kallon dutsen, kuma gwiwoyina ba za su kai ni ko gindinsa ba. Nakan rufe littafi in zauna ina dubansa, ina son in ji daga bakin ƙanena yadda garinmu yake daga can sama, da abin da ya faɗa wa ransa sa'ad da ya faɗi karo na biyu ya tashi. Shekara huɗu yana nan kusa da ni, tafiyar minti biyar, ban tambaya ba.

Ya Allah, ka gafarta masa, ka karɓi sallarsa da tubarsa, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da iyayenmu cikin rahamarka, ka yafe mini abin da harshena ya yi masa. Mai karatu kuma, Allah ya jiƙan naka da suka rigaya, ya ba ka ikon kai abin alherin da ka fara har ƙarshensa. Amin.