Tattabarun Baba Mai Aski

"Kar ku kwantar da shi! Don Allah ku zaunar da shi!"

Mai ɗinki ce ta fito da gudu, tef ɗin awo a wuya, takalmi ƙafa ɗaya. A ƙofar gidan da ke jikin nasu, Baba Mai Aski ya dafe gwiwoyinsa, ƙirjinsa na ƙara kamar ya haɗiyi usur. Mijinta, mai walda, shi ya riƙo shi tun daga shagon waldarsa da ke bakin layi, ga shi yana ƙoƙarin miƙar da shi a kan benci.

"Iya, ina abin shaƙar? Shuɗin, ba jan ba!"

Iya, matar Baba, ta fito da shi. Mai ɗinki ta girgiza shi, ta sa wa Baba a baki, ta danna. Ta ɗan jira, ta sake dannawa. Baba ya ɗago ido yana son magana.

"Ɗiyata... ba... komai..."

Mutumin da in ya kama kanka da almakashi sai ya ba ka labarin aurensa tun daga gaisuwar farko, yau kalma biyu ta gagare shi haɗawa.

"Maigida, tsayar da tasi. Yanzu."

"A ɗan jira maganin ya yi aiki mana."

"Ka dubi leɓensa! Ka tsayar da mota na ce!"

Ba a banza ta san waɗannan abubuwa ba. Bara, da ciwon ya fara kayar da shi, ita ta raka su asibiti, don Iya in ta ga likita sai kunnenta ya toshe. Likitar ta ce asma ce, ta lissafa abubuwan da ke tayar da ita, hayaƙi, ƙura, sanyi, mura. Sai ta tambaya ko akwai tsuntsaye a gidan. Iya ta yi dariya ta ce ai tattabaru ne masu gidan, ita da Baba zaman alfarma suke yi. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙurar gashinsu da ta kashinsu ita ke kumbura masa hanyar numfashi, don haka ko su ko huhunsa, ya zaɓa. Ta ba shi abin shaƙa biyu, ja na kullum, shuɗi na lokacin da abin ya taso. Ta kuma ja kunnen Mai ɗinki: in ya kasa ƙarasa magana, ko leɓensa ya sauya launi, ko shuɗin bai kawo sauƙi ba, kar a tsaya shawara.

Baba ya yi fushi, ya ƙi abinci, daga baya ya sauko. Wata safiya ya ce ya samu mai saye, aka wayi gari akurkin da ke kan rufin ɗaki babu kowa. Mai ɗinki da kanta ta hau ta kwance akurkin, ta wanke wurin da ruwan zafi.

Amma tari bai tafi ba. Kullum da yamma sai ta jiyo shi ta katanga, busasshe, mai dogon wutsiya. Sai ta shiga farautar dalili kamar wadda aka ɗauka aiki. Ta daina girki da gawayi, ta koma gas ɗin da take tsoro. Ta matsar da kekenta daga jikin tagarsu, kar ƙurar yadi ta shiga. Ta yi faɗa da matar mai shago kan ƙona shara, faɗan da har yau gaisuwarsu ba ta wuce ta ɗaga hannu. Ta tuɓe labulen Iya ta wanke, ta hana ta feshin maganin sauro. Da ta ga Baba ya koyi zuwa hira shagon mijinta bayan azahar, ta ce, "Maigida, hayaƙin waldar nan fa?" Ya ce ta kwantar da hankalinta, a ɗakin ajiya na baya yake zaunar da shi, can babu hayaƙi. Har godiya ta yi masa.

A cikin tasi Iya na gaba tana ta addu'a, su biyu sun sa Baba a tsakiya. Ana cikin tafiya ƙarar ƙirjin ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke.

"Alhamdulillahi," in ji mai walda. "Kin ji ya lafa."

"Bai lafa ba. Iskar ce ba ta shiga. Direba, don girman Allah ka taka!"

Ta kai hannu ta ɓalle masa maɓallin wuya. Wani abu mai laushi ya manne mata a yatsa, ta duba, ɗan farin gashin tsuntsu ne. Ta ja rigar don ta sassauta, hatsi ya zubo daga aljihun gaba ya watsu a cinyarta. Ta ɗago a hankali ta dubi mijinta. A kafaɗar rigar aikinsa akwai irin gashin nan, ba ɗaya ba. Ya ga inda idonta yake, ya juya fuska wajen taga.

A asibiti aka karɓe shi da gudu, aka rufe masa hanci da baki da abin iska, aka tura gadon ciki. An bar Iya ta bi su. Su biyu suka rage a baranda, kusa da wata tukunyar fulawa da ta bushe.

"Suna ina?"

"Su wa?"

"Kar ka mai da ni yarinya. Suna ina?"

Ya shafa ƙeya. "A ɗakin baya."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya ce ya sayar." Ya matso, ya rage murya. "Ke ba ki gan shi ba. Dattijo kamarsa ya zo ya tsuguna a gabana yana hawaye. Ya ce tun bai yi gemu ba yake kiwonsu. Ya ce kallo kawai zai riƙa yi daga bakin ƙofa."

"Kallo ne ya zuba masa hatsi a aljihu?"

Ya sunkuyar da kai.

"A ɗakin da ko taga babu! Kana kallona ina zagin mutane a layi kan shara. Kana cin abincin da na dafa a gas ina salati. Ni ina ta neman ɓarawo a waje, ashe kwanonmu ɗaya da shi." Muryarta ta karye, haushin hakan ya ƙara kama ta. "Na yi maka godiya, Maigida. Da bakina na ce Allah ya saka maka."

"Tausayinsa na ji."

"Ni ƙinsa nake yi ke nan?"

Abin ya ci ta ta ko'ina. Mijin da suke kwana ɗaki ɗaya ya iya riƙe mata ƙarya wata da watanni bai ko yi tuntuɓen harshe ba. Shi ma Baba, mai kiranta ɗiyata, da yamma zai wuce ta gaban kekenta yana tari, ta tambaye shi ko ya shaƙi jan, ya ce ya shaƙa, Allah ya yi mata albarka. Ashe su biyu sun haɗa kai sun bar ta tana ɗiban ruwa da kwando.

Kafin rana ta faɗi likita ya fito, Iya na bayansa, ta riƙe hular Baba da hannu biyu. Ba sai an faɗa ba. Iya ta zo kai tsaye ta kama hannun mai walda.

"Ɗana, kai ka ɗebe masa kewa tun da ya rabu da tsuntsayen nan. Allah ya ba ka masu yi maka."

Mai ɗinki ta ji kamar ta yi ihu. Ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini.

Washegari da sassafe, tana ɗaura ɗankwali za ta shiga gidan rasuwa, ya tare ta a ƙofar ɗaki.

"Kar ki faɗa mata. Me zai ƙara mata ban da baƙin ciki?"

"Ita kake ji, ko kanka?"

"Ni dai na gama da maganar. Na je na buɗe musu ƙofa tun ɗazu, na kore su, na share ɗakin. Babu wanda zai ga komai."

Ta dube shi, mutumin da ya san ƙarfe ciki da waje amma bai taɓa kiwon ko kaza ba. Ta raɓa shi ta wuce.

Tsakar gidan Iya ya cika da mata a kan tabarmi. Mai ɗinki ta zauna kusa da ita, ta riƙe hannunta, tana amsa gaisuwa a madadinta, tana juya maganar a ranta: ta faɗa, ta tona mijinta a gaban layi, ko ta haɗiye, ta zama ta uku a cikin ƙaryar. Matar mai shago ta shigo, suka gaisa ba su haɗa ido ba.

Sai aka ji fuka-fukai. Inuwa ta gifta a kan tabarmi, ta zagayo, ta sake giftawa. Tattabaru suka sauka a kan rufin ɗaki, daidai inda akurkin yake a da, suna kai da komo suna guɗa. Sun yi ƙiba, gashinsu na sheƙi.

"Ikon Allah," in ji wata tsohuwa. "Sun ji mutuwar mai su, sun baro wanda ya saye su."

Iya ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallonsu. Ta zauna da mai kiwo tun tana yarinya, ta san tattabarar da aka kai nesa aka sabar da sabon gida ba ta tashi rana ɗaya ta dawo da duk 'yan'uwanta. Ta sauke ido kan Mai ɗinki.

"Ɗiyata, daga ina suke?"

Mai ɗinki ta kau da ido ta waiga. A ƙofar gida mai walda ya shigo da tulin kujeru a kafaɗa, ya ɗaga kai ya ga rufin, ya tsaya cak. Iya ta bi idon Mai ɗinki har zuwa kansa. Ba ta ƙara tambaya ba. A hankali ta zare hannunta daga cikin na Mai ɗinki ta ɗora a cinyarta.

Wata farar tattabara ta sauko ta tsaya a bakin tagar ɗakin Baba, tana leƙen ciki da ido ɗaya.