Takardar Zaman Maman Eunice

A shekarar 1976, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara a Nijeriya, Jane tana zaune a London kamar baƙuwa, alhali nan aka yanke mata cibiya. Baturiya ce 'yar unguwar Plumstead, amma tun tana budurwa ta tafi Kafanchan aikin unguwarzoma. Can ta auri Katung, malamin makaranta, can ta haifi 'yarsu Eunice. Shekara goma sha uku ta yi a can kafin gwamnati ta turo mijin ƙaro karatu, suka sauka a gidan da mahaifiyarta ta mutu ta bari.

Katung kam London ta karɓe shi. Kullum da safe zai ɗauki lema da jarida ya nufi jami'arsu a Bloomsbury yana fito da baki. Ita kuwa duk abin da ta sa a baki sai ta ji salam. Tana kewar faten acca da yakuwa, da kukan jirgin ƙasa in ya taso daga Jos, da matan da ke leƙo mata ta katanga suna cewa, "Maman Eunice, ina kwana, a ba mu aron turmi." A nan maƙwabciyarta ta shekara biyu ba ta san sunanta ba.

Wata Litinin tana gyaran akwati ta ga takardar izininta ta zama a Nijeriya saura wata guda ta ƙare. Washegari ta tafi ofishin jakadancin Nijeriya. Layi ta tarar har bakin titi, duk Turawa 'yan kwangila riƙe da jakunkuna, wannan zai kai siminti, wancan firji. Sai bayan azahar ta iso gaban jami'in, wani dogo mai suna Malam Zailani.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe. Ya sanyi?"

Ya ɗago kai da sauri. "Ikon Allah! Madam, ina kika samo Hausa haka?"

"A ɗakin haihuwa. Mace mai naƙuda ba ta jiran ka koyi yarenta."

Ya yi dariya har na bayanta suka leƙo. Ya tambaye ta unguwarsu, ta ce bayan tashar jirgin Kafanchan, gida mai bishiyar gwaiba. Ya ce ai ya taɓa kwana a tashar nan yana ɗalibi. Sannan ya duba takardun a natse.

"Komai ya cika, abu ɗaya ya rage. Tunda yanzu kina waje, sai maigida ya rubuto wasiƙa a matsayinsa na ɗan ƙasa, ya faɗi lokacin da za ku koma."

Ta ɗauka abu ne mai sauƙi. Amma da ta gaya wa Katung, sai ya ce gobe. Gobe ta zo, ya ce yana da jarrabawa. Ranar Lahadi, da suka dawo daga coci, ta ajiye takarda da biro kusa da kwanon abincinsa.

"Baban Eunice, me kake ɓoye mini?"

Ya daɗe yana juya cokali. "Sun ba ni offer a jami'a. In zauna in koyar da Hausa, shekara biyar. Na ga garinku ne, ga gidan mahaifiyarki. Na ce ko za ki yi murna."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na san ba za ki yi ba."

Ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa ran da uwarta ta rasu, ita Jane tana Kafanchan, matan unguwa ne suka yi kwana bakwai a tsakar gidanta, ko ruwa ba su bari ta ɗebo da kanta ba. Ta ce yaran da ta karɓi haihuwarsu yanzu sun shiga sakandare, tana so ta ga aurensu. Ta ce Eunice ta fara amsa gaisuwar Hausa da Turanci.

"Kai ko shekara hamsin ka yi a nan, ƙasarka tana jiranka. Ni takardar nan ce kawai igiyata. In ta tsinke, da bizar baƙi zan je gaida surukata."

Katung ya sunkuyar da kai. Shi ma ya san tsohuwarsa ta fara gani dishi-dishi, kuma duk wasiƙar da ta sa aka rubuto masa tambaya ɗaya ce a ƙarshenta. Ya ja takardar gabansa.

"Me zan sa?"

"Gaskiya za ka sa. Yaushe za ka gama?"

"Yuni mai zuwa."

"To sa Yuli."

Ranar Laraba Malam Zailani ya karanta wasiƙar, ya buga hatimi, ya miƙo mata da hannu biyu. "A gaida mutanen gida, Madam."

Katung ya rubuta wa jami'a godiya, ya ce ba zai samu zama ba. Ya yi kusan mako ba a ji fiton nan nasa na safe ba, ita ma ba ta matsa masa ba. Da damina ta kama suka sauka Kano, suka hau jirgin ƙasa zuwa gida. An ba shi shugabancin wata sabuwar kwalejin horon malamai, ita kuma kwana huɗu da isowarsu aka buga mata ƙofa, matar wani direban jirgi ce naƙuda ta kama. Tagwaye ta haifa, duka mata.