Gaisuwar da Wakana Ta Ajiye

Ga ta nan tafe gare ku. Ku ce ta ƙaraso mu ji ta, don wannan a gidana aka yi ta.

A layinmu na garin Isesaki, a Japan, allon sanarwar unguwa daga gidanmu yake wucewa gidan Eulaliya Higa. Kowane gida ya karanta, ya buga hatiminsa, ya miƙa wa na gaba hannu da hannu, a ɗan taɓa hira a bakin ƙofa. Eulaliya sa'ata ce. Kakanninta mutanen Okinawa ne, tsibirin ƙasarmu, amma a Peru aka haife ta, ɗanta Hektor ne ya ɗauko ta da ya sami aiki a masana'antar kayan mota. Fuska irin tamu, baki ba namu ba. Ban da "na gode" da "yi haƙuri" ba ta da komai na Japananci. Hektor yakan fita tun safe, ita kaɗai take wuni.

Da jikata Wakana ta shiga aji biyu na babbar sakandare, aka ce kowa ya zaɓi harshe bayan Turanci. Ƙawayenta duk suka ruga Koriyanci saboda mawaƙa. Ita ta ɗauki Sifaniyanci, su bakwai kacal a ajin Malam Kuroiwa.

"Ke kuma wa kika gani a can? Ko miji kika hango?" na ce mata.

"Kai, Kaka! Iya Eulaliya fa. Ba wanda take magana da shi sai tukwanenta."

Sati uku da farawa allon ya zo. Wakana ta sure shi tana sa takalmi.

"Yau da yarenta zan gaishe ta."

"Da wannan gwarancin?" na ce. "Tsaya nan, uwar rawar kai. Ba a yi wa dattijuwa wasa da harshenta. Ki je ki yi kuskure a ce gidanmu ba a koya ladabi? Sai kin ci jarrabawa tukuna."

Haka aka tashe mu: abin da ba ka ƙware ba, ba ka fitar da shi gaban mutane. Ni shekara uku na yi ina koyon haɗa shayi kafin na miƙa wa baƙo kofi ɗaya. Yarinya ta ji maganata. Ta rataye allon a marfin ƙofar, ta danna ƙararrawa, ta gudo.

Ta rubuta gaisuwarta a littafi, layi biyar. Malam Kuroiwa ya gyara da jan biro, ta sake, ya sake gyarawa. Kullum da yamma in ta shiga wanka sai ka ji ta tana rerawa cikin ruwan zafi: barka da yamma, Iya, ya jiki, sunana Wakana, ni ce ta gidan nan kusa.

"Za ki dahu a ciki!" nakan buga mata ƙofa. "Fito, Sarauniyar Sifaniya, miya ta huce."

Aka yi shekara da rabi a haka. Sau biyu a wata allo ya zo, sau biyu a wata ta rataye ta gudo.

Ranar da sakamako ya fito ta ci, na zuba mata lemo shida a jaka da hannuna, na ba ta allon, na gyara mata kwalar riga. Na bi ta a baya, wai in ga abin alfahari.

Hektor ne ya buɗe. Wakana ta sunkuya ta karanto layinta biyar, ba tuntuɓe ko ɗaya. Mutumin ya tsaya yana kallonta, sannan ya amsa da Japananci.

"Ƙanwata, ai Mama ta tafi. Kwana goma ke nan. Ƙirjinta ya matsa mata, ta ce gida take so."

Ya ƙara duban Wakana.

"Gaisuwar nan na san ta," ya ce. "Tagar wankanku tana kallon kicin ɗinmu. Kullum Mama tana amsa miki, a hankali, tana yanka albasa. Har gyara miki take yi. In ƙararrawa ta yi kuwa, tana tsaye a bayan ƙofar nan. Ni na hana ta buɗewa. Na ce mata a ƙasar nan ba a tare mutum, sai ya shirya."

Na dube shi, ya dube ni. Wakana ta miƙa masa allon da lemon, ta wuce gida. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta rubuta wa Eulaliya wasiƙa zuwa Lima, babban birnin Peru, a makon, ba ta nuna wa Malam ba, da kurakuranta ta aika. Amsa ba ta zo ba. Eulaliya ta rasu kafin furannin bazara su buɗe. Hektor ya koma garin Hamamatsu da aiki. Malam Kuroiwa ya yi ritaya. Wakana tafinta ce yanzu a asibiti, tana tsayawa tsakanin likitoci da tsofaffin Peru. Ni kuwa ina nan a layin. Wasu 'yan Biyetnam ne a gidan yanzu, ni nake kai musu allon, kuma ina tsayawa har a buɗe.