Ari Ya Sauya Singileti

Saje Boniface yana tsakiyar raba singileti Ari ya ajiye jar da aka miƙa masa, ya ɗauki fara.

"Kai, ta 'yan benci ce wannan, masu jiran canji," in ji Saje.

"Na sani, Saje. Yau a cikinsu zan buga."

Shekara uku Ari yana tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon kwando ta wani kamfanin fata a Sabon Gari. Kamfanin ya ɗauke su aiki ne da sunan masu awo, amma kowa ya san ƙwallo ce aikinsu. Saje, tsohon soja da ya koyo wasan a bariki, shi ke horar da su. Kullum bayan la'asar Ari yakan taso daga Fagge a ƙafa, ya zo ya hana mutane sakat, ya ƙwace ƙwallo ya miƙa wa abokinsa Cyprian, Cyprian ya zura, 'yan kallo su yi ta kiran sunan Cyprian.

Ranar kuwa wani Bature ya zo daga Kaduna zai zaɓi waɗanda za su je gasar Ikko. Yana zaune a inuwa da takarda a cinya, kuma Ari ya lura cewa sai ƙwallo ta shiga kwando yake motsa fensir.

Cyprian ya matso, ya rage murya. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa tas. "Babarbare, me kake nufi?"

"Kai zan tsare."

Cyprian ya yi dariya. "Ni? Uwata, Mama Nkechi, ta riga ta gaya wa duk layinmu zan hau jirgin Ikko."

"To sai ka zura ka hau. Ba zan ɗaga maka ƙafa ba."

Aka busa usur. Ari bai kalli ƙwallo ba, ƙugun Cyprian yake kallo, don ya daɗe da sanin cewa kafaɗarsa takan yi ƙarya amma ƙugunsa ba ya yi. Cyprian ya karkata dama, ya dawo hagu, ya tarar da Ari a tsaye yana jiransa. Ya ja baya zai yi tsalle, hannun Ari na kan fuskarsa. Sau biyu aka jefo masa ƙwallo, sau biyu ta ƙare a hannun Ari. Ba ture, ba riƙo. Inda duk zai sa ƙafa, sai ya iske an riga shi.

Bayan hutun rabin lokaci dariyar ta ƙare. Gumi ya jiƙa jar singiletin Cyprian sharkaf.

"Ari, ka bar ni ɗaya mana," Cyprian ya ce cikin haki. "Ɗaya tak."

Abin ya taɓa Ari. Ya tuna ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, Cyprian ya zo har zauren gidansu a Fagge da lemo a ƙunshe. Amma ya girgiza kai. "In na bar ka, za ka sani. Ba kuma za ka yafe mini ba."

Aka tashi Cyprian bai zura ko ɗaya ba, abin da ba a taɓa gani ba a filin nan. 'Yan benci suka ci da tazarar huɗu.

Baturen ya miƙe, ya karanto sunaye bakwai da Hausarsa ta makaranta. Babu Cyprian. Babu Ari.

"Wannan Cyprian," ya ce wa Saje, "an yaba shi da yawa. Yau bai yi kome ba."

Ari ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Bai samu ba, ga shi ya jawo wa abokinsa rashi. Ya taka gaba zai yi magana, sai Cyprian ya dafa ƙirjinsa ya wuce shi, ya tsaya gaban Baturen.

"Ranka ya daɗe, a cikin bakwai ɗin nan zaɓi wanda ka ga dama ya tsare ni. Minti biyar kawai."

Baturen ya duba agogo, ya nuna mafi tsawonsu. Cikin minti biyar Cyprian ya zura shida, filin ya kaure da ihu. Ya dawo yana share fuska.

"Ka gani, lafiyata ƙalau. Wancan ne ciwona." Ya nuna Ari. "Mutanen Ikko ma suna da irina. Wa zai tsare maka su?"

Baturen ya daɗe yana kallon Ari, kamar yanzu ya shigo filin. Ya juya takardarsa gaba da baya, bai sami inda ya rubuta shi ba. Ya soke sunaye biyu, ya rubuta Cyprian, sannan ya ɗaga kai.

"Yaya sunanka?"

"Ari Goni, daga Fagge."

"Kwando nawa ka zura yau?"

"Ko ɗaya," in ji Ari, yana murmushi. "Rubuta haka nan."